Jori Hamani: Malamin Makarantar da Ya Gaji Ƙasa Marar Bakin Teku

Duk macen da ke auna gishiri ko shinkafa a kasuwar Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, ta san cewa kayan nan sun sha doguwar tafiya kafin su iso gabanta, kuma kowane shinge da suka ratsa sai da ya ƙara musu kuɗi. Wannan ba sabon abu ba ne. Shi ne abin da ya fi hana shugaban Nijar na farko, marigayi Jori Hamani, barci a tsawon mulkinsa. Yau tarihinsa za mu bi, mu ga inda ya yi nasara da inda ya yi tuntuɓe.

Daga Sudure zuwa Faransa

An haifi Jori Hamani ranar 6 ga Yuni 1916 a Sudure, kusa da Yamai. Bazabarme ne, mahaifinsa kuwa ma'aikacin kiwon lafiya ne a zamanin Turawan mulkin mallaka. Ya yi karatu a Yamai, ya ci gaba a Dahome, wato Benin ta yau, sannan ya wuce makarantar horon malamai ta William Ponty a Senegal. Daga 1936 ya koyar a Yamai da Maraɗi. A 1938 aka tafi da shi birnin Paris, inda ya riƙa koya wa Faransawan da za a turo aikin mulki Hausa da Zabarmanci.

Bayan yaƙin duniya na biyu, a 1946, yana cikin waɗanda suka kafa jam'iyyar PPN, wadda ta zama reshen RDA a Nijar. A shekarar aka zaɓe shi ɗan majalisar dokokin Faransa. Ya faɗi zaɓe a 1951, ya koma aji ya ɗauki alli, sannan ya sake cin kujerar a 1956.

Ranar 28 ga Satumba 1958 Janar De Gaulle ya sa aka yi ƙuri'ar raba gardama. Jibo Bakari na jam'iyyar Sawaba, wanda ke jan ragamar gwamnati a lokacin, ya kira jama'a su ce a'a, a karɓi ƴanci nan take. Jori ya kira su ce i, a zauna tare da Faransa tukuna. Gwamnan Faransa da sarakuna da yawa suka mara wa masu i baya, suka kuwa yi rinjaye. Ranar 18 ga Disamba 1958 aka kafa Jamhuriya, Jori ya zama shugaban gwamnati. Ranar 3 ga Agusta 1960 Nijar ta samu ƴancin kai, shi ne kuma shugabanta na farko.

Irin gadon da ya tarar

Ƙasar da aka miƙa masa tana da faɗin murabba'in kilomita 1,267,000, amma wajen kashi biyu cikin uku hamada ce. Mutanenta a lokacin ba su wuce miliyan uku da ƴan kai ba, mafi yawansu kuma suna zaune ne a siririn yankin kudu inda ruwan sama ke isar gero, daga bakin kogin Kwara har zuwa tafkin Cadi. Maƙwabta bakwai suka kewaye ta: Aljeriya, Libiya, Cadi, Najeriya, Benin, Burkina Faso da Mali. Babu teku, babu layin dogo. Daga Yamai zuwa tashar jiragen ruwa ta Kwatano akwai fiye da kilomita 1,000.

Abin da ƙasar ke saidawa waje kuwa, gyaɗa ce da dabbobi. Gyaɗar Maraɗi, da Tasawa, da Matamai, da Magarya ita ke kawo fiye da rabin kuɗin da ake samu daga ƙetare. Hanyarta mafi kusa ita ce Kano, inda jirgin ƙasa ke ɗaukarta zuwa Legas. To amma Faransawa ba su so arzikin ya dogara ga ƙasar Ingilishi, saboda haka tun wajen 1953 suka ɓullo da wani tsari mai suna Hirondelle: manyan motoci su kwashi gyaɗa su bi ta Doso da Gaya zuwa Paraku, daga nan jirgin ƙasa ya yi kilomita 438 da ita zuwa Kwatano, motocin kuma su komo da kayan kanti. Hanyar ta fi nisa, ta fi tsada, sai da tallafin gwamnati take tafiya. Wannan shi ne gadon Jori: amfanin gona guda, da hanyoyi biyu, kowace kuwa a ƙasar wani take.

Zamanin gyaɗa

Kafin ƴancin kai, kamfanonin Turawa irin su CFAO da SCOA ne ke sayen gyaɗa su kuma shigo da kaya. Jori ya so gwamnati ta karɓi wannan ragama. A 1961 aka buɗe bankin BDRN. A 1962 aka kafa SONARA, ita kaɗai ke da ikon fitar da gyaɗa waje, da Copro-Niger, wadda ke shigo da kayan masarufi irin su sukari da gishiri da shayi, da kuma UNCC mai kula da ƙungiyoyin manoma. Daga baya aka gina masana'antar siminti a Malbaza, aka kafa Nigelec a 1968, aka buɗe gadar Kennedy a Yamai a 1970. Ta fannin mulki kuma aka raba ƙasa jihohi bakwai: Agadas, Difa, Doso, Maraɗi, Yamai, Tawa da Damagaram.

Ƴan kasuwar gida sun ci moriyar wannan sauyi. Mutane da yawa da a da yaran Turawa ne a bakin sikeli suka samu izinin sayen gyaɗa da sunansu, suka sayi motoci, suka je Makka. Da yawa daga cikin gidajen alhazan Maraɗi a nan suka fara kafuwa. Mata kuma suna matsar mai, suna toya ƙuli-ƙuli, suna juya ɗan jarinsu. A kakar 1966 zuwa 1967 gyaɗar da aka saya ta kai wajen ton 190,000, abin da ba a sake gani ba.

Sai dai manomi bai ji daɗin yadda ɗan birni ya ji ba. Gwamnati ke yanke farashi, kuma daga ratar da ke tsakanin abin da aka biya manomi da abin da aka saida a waje ake biyan albashi. Ga haraji, ga jangali, ga kuɗin katin jam'iyya. Ana cikin haka Faransa ta daina sayen gyaɗarmu da farashin alfarma, saboda yarjejeniyar da ta shiga da sauran ƙasashen Turai. Farashi ya faɗi, haraji bai faɗi ba. Wanda ke kusa da iyaka sai ya ɗora buhunsa a jaki da dare ya nufi inda aka fi saye da daraja.

Zama lafiya da maƙwabci

Darasin farko game da hanya, Jori ya koye shi da zafi. A ƙarshen 1963 rikici ya tashi tsakanin Nijar da Dahome kan tsibirin Lete da ke cikin kogin Kwara. Gwamnatin Nijar ta kori dubban ƴan Dahome da ke aiki a ƙasar, Dahome kuma ta rufe hanya. Kayan Nijar suka maƙale a Kwatano, dole aka nemi zagaye ta Abijan da ta Najeriya. Sai a 1965 aka sasanta, shari'ar tsibirin kuwa ba ta ƙare ba sai a 2005, da kotun duniya ta ba Nijar shi.

Daga nan ya riƙe cewa ƙasar da ba ta da teku ba ta da halin yin gaba da kowa a kewayenta. Da yaƙin Biyafara ya ɓarke a Najeriya a 1967, Faransa ta karkata wajen masu ɓallewa, abokinsa Houphouët-Boigny na Kodibuwa ma ya amince da su. Jori ya ƙi bin sahu, ya tsaya tare da gwamnatin Janar Yakubu Gowon, har ya karɓi zaman sulhu a Yamai cikin Yuli 1968. Ya san iyakarmu da Najeriya ta kai wajen kilomita 1,500, ya san dangi ɗaya ne a Maraɗi da Katsina, a Damagaram da Daura, a Ƙonni da Illela, kuma can ne shanunmu da wakenmu ke zuwa. Bayan yaƙin aka kafa hukumar haɗin gwiwa ta ƙasashen biyu a 1971, aka kuma ƙulla yarjejeniyar da ta kawo wutar lantarkin Kainji, wadda ta iso Yamai a 1976.

A waje sunansa ya yi nisa. A Yamai aka kafa hukumar haɗin kan ƙasashe masu amfani da Faransanci ranar 20 ga Maris 1970, yana cikin iyayenta. A gida kuwa baki ɗaya ne ke magana. Tun 1959 aka haramta Sawaba, Jibo Bakari ya yi gudun hijira. A 1964 mayaƙan Sawaba suka kutso da makamai, aka murƙushe su, aka harbe wasu a bainar jama'a, aka cika gidajen kaso. A Afrilun 1965 aka jefa wa Jori gurneti a filin idin Babbar Salla, ya tsira. A zaɓen 1965 da na 1970 shi kaɗai ya tsaya. Bubu Hama na riƙe da majalisa, Jamballa Yansambu Maiga na riƙe da ma'aikatar cikin gida, shekara da shekaru ba su gusa ba. Inda babu mai cewa a'a, labarin ƙauye ba ya isa fada da wuri.

Fari, yuraniyom da faɗuwa

Daga 1968 damina ta fara gardama, a 1973 abin ya kai intaha. Rumbuna suka ƙare, rijiyoyi suka ƙafe, garken Fulani da na Buzaye suka zube a daji. Mutane suka yi ta kwararowa bakin garuruwa, wasu suka tsallaka Najeriya. A nan rashin teku ya nuna kansa ƙarara: hatsin agaji na jibge a tashoshin ruwa na maƙwabta, motocin ɗauka ba su isa ba, hanyoyin ƙauye kuma rairayi ne. Ga ofishin OPVN da aka kafa a 1970 don tanadin cimaka, amma wani ɓangare na abin da ya iso sai ya ɓulla a kasuwa da tsada, ta hannun masu ƙafa a jam'iyya.

A daidai lokacin wata ƙofa ke buɗewa a arewa. Kamfanin Somair da aka kafa da Faransawa a 1968 ya fara haƙar yuraniyom a Arlit a 1971. Da farashin man fetur ya yi tashin gwauron zabo a 1973, Jori ya tsaya kan cewa ƙarfen da ke ba Faransa wuta bai kamata a saye shi da arha ba alhali masu shi na mutuwa da yunwa. Aka zauna da wakilan Faransa a Yamai cikin Maris 1974, aka tashi ba a daidaita ba. Ranar 2 ga Afrilu shugaban Faransa Pompidou ya rasu, maganar ta tsaya.

Cikin daren 15 ga Afrilu 1974 sojoji ƙarƙashin Laftana-Kanar Saini Kunce suka kifar da gwamnati. An kashe uwargidansa, Hajiya Aisa Jori, a cikin fada. Sojojin Faransa da ke Yamai ba su motsa ba. Da aka buɗe ɗakunan ajiyar wasu manya aka tarar da buhunan hatsi, wannan ya sa talakawa da yawa ba su yi kukan faɗuwar gwamnatin ba. Kuɗin yuraniyom da ya yi ta fafutuka a kai sun zo daga baya, amma a hannun wanda ya hamɓarar da shi. Gyaɗa kuwa, cutar da ta faɗa mata a 1975 ta ƙarasa abin da fari ya bari.

An tsare Jori a Damagaram, sannan a Yamai, har 1980, daga nan aka yi masa ɗaurin talala a gida. Bai samu cikakkiyar walwala ba sai a 1987, bayan rasuwar Kunce. Ya tafi Maroko, ya rasu a birnin Rabat ranar 23 ga Afrilu 1989 yana da shekara 72. An kawo gawarsa gida, filin jirgin saman Yamai kuma sunansa yake ɗauke da shi.

Abin da ya rage mana

Ƴan uwa ƴan kasuwa, abin da ya faru a 1963 mun sake ganinsa da idonmu. Najeriya ta rufe iyaka daga 1984 zuwa 1986, ta sake rufewa daga 2019 zuwa 2020. A 2023 aka rufe ta Benin da ta Najeriya gaba ɗaya, kaya suka koma zagayowa daga Lome ta Burkina Faso, kowa kuma ya ga yadda tiyar shinkafa ta koma. Abubuwa uku ke yanke farashi a kasuwanninmu tun zamanin Jori: damina, da hanyar maƙwabci, da darajar abin da muke saidawa waje.

Jori Hamani ya fahimci biyu na ƙarshe, ya yi musu aiki da haƙuri da dabara, har ya saɓa wa Faransa a kansu. Na farkon ne ya kada shi. Fari ba laifinsa ba ne, amma hatsin da bai kai ga mai jin yunwa ba, a ƙarƙashin mulkinsa ya ɓace. Duk wanda zai riƙe ƙasar nan, sai ya kula da hanya, ya kula da farashi, ya kuma leƙa rumbun talaka da idonsa.

Allah ya jiƙan magabatanmu. Sai mun sake haɗuwa a fitowa ta gaba.