Eugène Fromentin, Bafaranshen da Ya Zana Sahara

An haifi Eugène Fromentin a garin La Rochelle na ƙasar Faransa a shekarar 1820. Mahaifinsa likita ne, ya tura shi Paris karatun lauya, amma hankalin yaron yana kan zane. A 1846 ya ƙetare teku zuwa Aljeriya, daga baya ya koma har sau biyu. Dawaki ya fi zanawa, da mahayansu, da masu farauta da shaho. Mu da muka saba kallon hawan sallah a Kurfi, da gani ɗaya za mu shaida ingarmun nan.

A 1853 ya isa garin Laghouat, watanni kaɗan bayan sojojin Faransa sun ci shi da yaƙi, sun hallaka jama'a masu yawa. Ya ambaci wannan ta'asa a littafin tafiyarsa ta Sahara na 1857, amma a ganinmu hasken rana da launin rairayi sun fi ɗauke masa hankali.

Ƙagaggen labarinsa ɗaya ne tak, Dominique, na saurayin da ya kamu da son matar aure, wanda ya fito a littafi a 1863. A 1876 ya wallafa nazarinsa a kan zanen Rubens da Rembrandt, ya rasu a watan Agusta na wannan shekarar.