ARNOLD GESELL (1880-1961): MASANIN MATAKAN GIRMAN YARO

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san yadda iyaye mata ke lissafin girman jariri. Sukan ce ya tsayar da wuya, ya fara zama, ya soma rarrafe, ya kama tsayuwa, ya fara tatata. Wannan sani ya daɗe a hannun iyaye mata da ungozomomi. Daga cikin masanan farko da suka auna waɗannan matakai, suka rubuta su daki-daki har likitoci da malamai suka riƙa aiki da su, akwai Arnold Lucius Gesell, mutumin ƙasar Amurka. Wannan babi zai kawo tarihinsa, da ra'in da ya gina, da gyaran da masana suka yi wa ra'in, sannan da abin da ɗalibi mai koyon aikin malanta zai amfana da shi.

2.0 Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Gesell ranar 21 ga watan Yuni, 1880, a garin Alma da ke bakin kogin Misisifi a jihar Wiskonsin. Shi ne ɗan fari a cikin 'ya'ya biyar. Mahaifinsa mai ɗaukar hoto ne, mahaifiyarsa kuwa malamar makaranta ce. Waɗannan sana'o'i biyu sun bi shi har ƙarshen rayuwarsa, domin da koyarwa ya fara aiki, da hoto kuma ya yi suna.

Ya shiga makarantar horon malamai ta Stevens Point, ya koyar a sakandare, sannan ya sami digirin farko a Jami'ar Wiskonsin a 1903. Daga nan ya tafi Jami'ar Clark, inda ya yi karatu a ƙarƙashin G. Stanley Hall, jagoran nazarin halayyar yara a Amurka a wancan zamani, ya sami digirin digirgir a 1906. Ya koyar a makarantar horon malamai ta Los Angeles, inda ya haɗu da wata malama, Beatrice Chandler, suka yi aure a 1909.

A wannan tsakani ne ya mai da hankali ga yaran da girmansu ya sami tangarɗa. Ya fahimci cewa ba zai gane matsalarsu ba sai ya san jikin ɗan'adam, saboda haka ya koma ɗalibin likitanci. A 1911 Jami'ar Yale ta ɗauke shi malami, ya buɗe wurin duba yara a ɗaki guda a birnin New Haven. Yana koyarwa yana karatu, har ya zama cikakken likita a 1915.

3.0 Hanyar Bincikensa

Tambayar da ta dami Gesell ita ce: ta yaya za a ce yaro ya makara, alhali ba a san lokacin da yawancin yara ke kaiwa kowane mataki ba? Don amsa ta, ya gina wani ɗaki mai siffar kifaffiyar ƙwarya, ya kewaye shi da na'urorin ɗaukar hoto mai motsi. Akan ajiye jariri a tsakiya, a ba shi ƙararrawa ko ɗan guntun katako mai kusurwa huɗu, masu bincike suna kallonsa ta wata kariya ba tare da ya gan su ba. Daga baya sai a bi hotunan ɗaya bayan ɗaya, a ga yadda hannu ya miƙa da yadda yatsu suka kama.

A 1925 ya fitar da jadawalinsa na farko na girman ƙananan yara. A 1934 ya buga wani babban kundi mai hotuna 3,200 na motsin jarirai. A 1941 shi da likita Catherine Amatruda suka wallafa littafin da ya koya wa likitoci gano matsalar girma tun yaro yana jariri. Ya kasa girman yaro gida huɗu: motsin jiki, dabarar sarrafa abubuwa, magana, da cuɗanya da mutane.

4.0 Ra'in Nunar Jiki

Gesell yana ganin cewa girman yaro kamar nunar ɗan itace yake, daga ciki yake fitowa. Ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ne ke nuna bisa tsarin da aka halicci yaro da shi, kowane sabon motsi kuma yana jiran nunarsu. Manyan ƙa'idojin ra'in su ne:

(a) Iko da jiki yana farawa daga kai ya gangara zuwa ƙafa. Yaro yakan tsayar da wuya kafin ya zauna, ya zauna kafin ya tsaya.

(b) Yana farawa daga tsakiyar jiki ya fita zuwa gefe. Kafaɗa da dantse sukan yi aiki kafin yatsu, shi ya sa jariri ke damƙar abu da tafin hannu kafin ya iya tsinke ƙwayar gero da yatsu biyu.

(c) Girma ba miƙaƙƙen layi ba ne. Yaro yakan ci gaba, ya ɗan ja baya, sannan ya sake ci gaba da ƙarfinsa.

(d) Jerin matakan ɗaya ne, amma kowane yaro da irin saurinsa.

Babbar hujjarsa ita ce binciken da ya yi da Helen Thompson a kan wasu tagwaye mata masu kama ɗaya, wanda aka buga a 1929. An fara koya wa ta farko hawan matakala tana da mako 46, ana yi kullum har mako shida. Ta biyu ba a koya mata ba sai da ta kai mako 53, amma cikin mako biyu ta kamo 'yar'uwarta. Daga nan Gesell ya yanke cewa horo kafin jiki ya nuna ba shi da wata fa'ida mai yawa. Bahaushe ma cewa ya yi da rarrafe yaro kan tashi.

5.0 Gyaran da Masana Suka Yi

Yaran da Gesell ya auna 'ya'yan Turawa ne masu rufin asiri a birni guda, amma aka ɗauki jadawalinsa tamkar ma'aunin yaran duniya. Binciken da aka yi a Afirka ya nuna akwai gyara. A shekarun 1950 Marcelle Geber ta lura cewa jariran Yuganda sukan riga jadawalin. A 1976 Charles Super ya nuna cewa jariran ƙabilar Kipsigis ta Kenya sukan riga na Amurka zama da tafiya da kimanin wata guda, domin iyayensu suna koya musu waɗannan biyun da gangan, amma ba su riga su rarrafe ba, domin ba a koya musu shi. Irin wannan horo sananne ne a ƙasar Hausa: goyo yana sa jariri riƙe wuya da baya, ana zaunar da shi a tokare da zannuwa, yayyensa kuma su riƙe hannunsa suna yi masa tatata.

A farkon shekarun 1980 Esther Thelen ta ƙara wani haske. Jariri sabon haihuwa yakan yi motsin taku idan aka tsayar da shi, sai motsin ya ɓace bayan wata biyu. A da ana cewa ƙwaƙwalwa ce ta danne shi. Thelen ta sanya jarirai cikin ruwa zuwa ƙirji, sai takun ya dawo. Ashe ƙiba ce ta sa ƙafa ta yi wa tsoka nauyi. Wannan ya nuna cewa motsi yana fitowa ne daga haɗuwar ƙwaƙwalwa da ƙarfin tsoka da nauyin jiki da muhalli da kuma abin da yaro ke son kaiwa gare shi.

A 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sakamakon binciken yara 816 daga Gana da Indiya da Norwe da Oman da Amurka. An gano cewa lafiyayyen yaro yakan zauna da kansa tsakanin kimanin wata 4 zuwa 9, ya yi tafiya da kansa tsakanin wata 8 zuwa 18, kuma kimanin 4 cikin 100 ba sa rarrafe sam.

6.0 Ƙarshen Rayuwarsa

Gesell ya ajiye aiki a Yale a 1948. A 1950 abokan aikinsa, Frances Ilg da Louise Bates Ames, suka kafa cibiyar nazarin yara mai ɗauke da sunansa a New Haven. Ya rasu a wannan birni ranar 29 ga watan Mayu, 1961. Yawancin ma'aunan girman jarirai da aka ƙirƙiro bayansa a kan harsashinsa aka ɗora su.

7.0 Darasi ga Malami

Malamin da aka tura Likoro ko Hunkuyi ko wani ƙauye a ƙasar Makarfi da Ikara, sau da yawa shi ne mai ilmin zamani mafi kusa da iyaye. Daga Gesell zai koyi kada ya tilasta wa yaro abin da jikinsa bai kai ba. Ɗan shekara uku da ya kasa riƙe fensir daidai ba malalaci ba ne, yatsunsa ne ba su gama ƙwari ba, wasa da yumɓu da zane a ƙasa sun fi masa bulala amfani.

Daga masanan baya kuma zai koyi cewa jira yana da iyaka. Doguwar naƙuda da shawarar jarirai da sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa sukan bar wa yaro rauni a motsi. Wasu iyayen sukan kira irin wannan yaro ɗan ruwa, su ɓoye shi a ɗaki har lokacin taimako ya wuce. Yaron da ya wuce wata 9 bai zauna ba, ko ya kai wata 18 bai taka ba, ko jikinsa ya sandare ko ya saki, ko yake aiki da gefe ɗaya kawai, ya kamata a kai shi asibiti. Akwai sashen gashi da motsa gaɓoɓi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro ta fi karɓar horo, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

8.0 Kammalawa

Gesell ya bar wa duniya ma'aunin da ake gane yaron da ya makara. Waɗanda suka biyo bayansa sun tabbatar da cewa reno da horo suna da tasiri fiye da yadda ya zata. Malami yana buƙatar sanin duka biyun.

Tambayoyin Bita

1. Kawo ƙa'idoji huɗu na ra'in nunar jiki, tare da misali ga kowace.
2. Bayyana binciken tagwaye na 1929 da abin da Gesell ya fahimta daga gare shi.
3. Waɗanne al'adun reno na garinku ne ke taimaka wa jariri zama da tafiya?
4. Wace shawara za ka bai wa uwar da ɗanta ya kai wata 18 bai fara tafiya ba?