Dorugu, yaron Dambanas da Turai ta koyi Hausa a bakinsa

Duk ɗalibin da ya bi tarihin nazarin Hausa ya ci karo da sunan James Frederick Schön, malamin mishan ɗan Jamus da ya wallafa nahawun Hausa a 1862 da ƙamus a 1876. Abin da ba a cika faɗa mana a aji ba shi ne Schön bai taɓa zama a ƙasar Hausa ba. Mafi yawan Hausar da ke cikin waɗannan littattafai daga bakin wani yaro ta fito, ɗan wani ƙauye da ke cikin Nijar ta yau. Sunansa Dorugu.

An haife shi wajen 1840 a Dambanas, kusa da Kance, a ƙasar Damagaram. Zamani ne na hari da kamun bayi, inda talakan ƙauye kan kwana ɗa ya wayi gari kaya a kasuwa. An fara raba shi da mahaifiyarsa, daga baya shi ma aka kama shi tun bai balaga ba, aka yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu har ya faɗa Kukawa, babban birnin Barno. A can ne Adolf Overweg, ɗaya daga cikin Turawa masu yawon bincike da gwamnatin Ingila ta turo, ya fanshe shi ya ƴanta shi, shi da wani yaro Bamargi mai suna Abbega. Sai dai ƴancin yaron da ba shi da uwa ba shi da uba a garin da ba nasa ba, ƴanci ne na takarda. Da Overweg ya rasu a bakin Tafkin Cadi a watan Satumba na 1852, yaran biyu suka koma hannun abokin tafiyarsa Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasa suka sani da Abdulkarim.

Tare da Barth, Dorugu ya yi tafiyar da ƴan kasuwa ƙalilan suka taɓa yi a zamaninsa. Sun bar Kukawa a ƙarshen 1852, suka bi ta Damagaram da Katsina da Wurno da Sakkwato da Gwandu, a lokacin da yaƙin Maraɗi da Gobir da daular Sakkwato ya sa hanya ta zama abin tsoro. Suka ƙetare Kwara a Sayi, suka isa Tambutu a watan Satumba na 1853. Bayan sun komo Barno, suka ratsa hamada zuwa Tarabulus, suka shiga jirgin ruwa, suka sauka Landan a 1855.

A Ingila ne ya haɗu da Schön, wanda tun tafiyar kogin Kwara ta 1841 yake fama da Hausa, yana tsintar ta daga bakin ƴantattun bayi a Saliyo. Samun yaro mai jin Hausa ta nono a gidansa na Chatham ya zame masa tsuntsu daga sama gasasshe. Abbega ya koma Afirka a 1857, daga baya har ya riƙe sarauta a Lakwaja. Dorugu kuwa ya zauna har 1864. An yi masa baftisma da sunan James Henry, ya koyi karatu da rubutun boko, ya kuma shafe shekaru yana shifta wa Schön tatsuniyoyi da karin magana da labarin rayuwarsa. Wannan labari ya fito a littafin Magana Hausa a 1885, kuma yana cikin tsofaffin dogayen rubutun zube na Hausa da aka buga da haruffan boko.

A nan ne ya kamata mai nazarin adabi ya dakata. Littattafan tafiye-tafiye na ƙarni na 19 kusan duka ido ɗaya suke da shi: Bature ne ke kallo, baƙar fata ne abin kallo. A labarin Dorugu madubin ya juya. Yaron Damagaram ne ke duban Turawa, yana bayyana yadda suke zaman cin abinci da yadda matansu ke sutura, da irin mamakin da Barth ya yi wa kasuwar Kano. Abin da ɗan gari ya ɗauka ɗabi'a ce ta halitta, baƙo ne ke gane cewa al'ada ce kawai da aka saba da ita. Haka kuma ya ba da labarin bauta daga ciki, ba da kuka ba, ba da wa'azi ba, sai da muryar wanda abin ya faru a kansa. Ya nuna cewa masu kamun da masu sayen mutanen ƙasa ne, masu bin abin da zamaninsu ya halatta. Wannan shaida ce mai nauyi a kan al'ummar da ta saba da zalunci har ta daina ganinsa.

Ta fuskar kimiyyar harshe, rubutun yana da gibi. Schön bai nuna karin sauti ba, bai bambance dogon wasali da gajere yadda ya kamata ba, kuma bai raba ɓ da ɗ da ƙ daga b da d da k ba. Wannan ya sa aka daɗe ana raina Hausar littafin, ana ganin ta gurɓatacciya ce. Sai a 1971 Anthony Kirk-Greene da Paul Newman suka sake fitar da labarin cikin fassarar Ingilishi tare da sharhi, aka fara duban sa a matsayin shaidar karin harshen wani yanki a tsakiyar ƙarni na 19. Laifin kunnen marubuci ne aka ɗora wa bakin mai magana. Mu da ke jin ana kiran Hausarmu ta Maraɗi da Damagaram Hausar ƙauye idan aka auna ta da daidaitacciya, mun san ɗacin irin wannan hukunci.

Sakamakon aikin ma bai rabu daidai ba. Schön ya sami lambar yabo ta Volney daga Faransa a 1877, Jami'ar Oxford kuma ta ba shi digirin girmamawa a 1884. Ba za a ce ya ɓoye Dorugu ba, domin ya ambace shi a littattafansa. Amma sunan da ke bangon littafi shi ne sunan da tarihi ke riƙewa.

Da Dorugu ya dawo, ya rayu da aikin tafinta tsakanin Turawa da mutanen ƙasa. A ƙarshen rayuwarsa yana Nasarawa ta Kano, inda Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a 1909, yana taimakawa wajen koyar da karatu. A can ya rasu a 1912. A Turai an ɗauke shi abin nazari, a gida kuma ya dawo da harshen Nasara da sunan Nasara. Ko'ina ya tsaya, a bakin ƙofa yake, kuma daga wannan bakin ƙofa ne ya ga abin da na cikin ɗaki ba su gani ba.

Na tuna da shi a bara, ina zaune a gaban wata tsohuwa a Madarunfa ina naɗar muryarta don kundin digirina na biyu. Ta ba ni yini guda na maganarta, ni kuwa a takardata na rubuta ta da lamba da shekaru da jinsi kawai. Ƙa'idar bincike ta yarda da haka, sau da yawa ma don kare mutuncin mai maganar ne. Amma ban tambaye ta ko tana so a saka sunanta ba, ban kuma yi tunanin mayar mata da abin da na rubuta ba. Kafin mu zargi Schön, ya kamata kowane ɗayanmu ya buɗe kundinsa ya duba inda ya ajiye mutanen da suka ba shi harshensu.