Dorothea Dix: Matar da ta fitar da masu taɓin hankali daga gidan kaso

Mai karatu, wanda duk ke cin kasuwannin bakin iyaka bai rasa ganin mace mai taɓin hankali tana yawo tsakanin rumfuna ba, kuma idan ta yi ɓarna sau da yawa kulle ta ake yi. A Amurka ma haka abin yake shekaru kusan 200 da suka wuce, har sai da wata malamar makaranta mai suna Dorothea Dix ta tashi tsaye.

An haifi wannan baiwar Allah ranar 4 ga watan Afrilu na 1802 a garin Hampden na jihar Maine, a gidan da babu wadata. Tana da shekara 14 ta fara koyar da yara, daga baya ta buɗe makaranta a birnin Boston. A 1836 rashin lafiya ya kayar da ita, ta tafi jinya Ingila, inda ta zauna da masu fafitikar gyara gidajen kaso da kula da marasa lafiyar ƙwaƙwalwa.

A watan Maris na 1841 ne ta shiga gidan kason East Cambridge, kusa da Boston, domin karantar da mata 'yan kaso. A can ta tarar da masu taɓin hankali a kulle tare da masu laifi, cikin ɗakunan da babu wutar ɗumi alhali ana tsananin sanyi. Masu gadi kuwa sun ɗauka irin waɗannan mutane ba sa jin sanyi. Ta kai maganar kotu, aka sa masu murhu.

Da yake zuwa da kai ya fi aike, sai ta bi gidajen kaso da gidajen gajiyayyu na jihar Massachusetts ɗaya bayan ɗaya, tana rubuta abin da ta gani kamar yadda ɗan kasuwa ke riƙe littafin lissafi: gari kaza, mutum nawa, a wane hali. Ta ga mata a cikin keji da turken dabbobi, wasu ɗaure da sarƙa, wasu tsirara, wasu da tabon duka. Ta lura cewa akasarin masu tsaron ba su da ilimin wannan cuta, shi ya sa suke maganinta da sanda.

A 1843 ta haɗa rahoto domin majalisar jihar. Kasancewar a lokacin mace ba ta da kujera a majalisa, wani likita ɗan majalisa, Samuel Gridley Howe, shi ya gabatar da shi. An ƙaryata ta, an zarge ta da ƙarin gishiri, amma lissafinta ya tsaya, majalisa ta ware kuɗin faɗaɗa asibitin ƙwaƙwalwa na Worcester. Daga nan ta bi jihohi, har aka gina ko aka faɗaɗa asibitoci fiye da 30 ta dalilinta. Ba kullum ta yi nasara ba: a 1854 shugaba Franklin Pierce ya ƙi sa hannu a dokar ware filayen gwamnati domin wannan aiki. Ta rasu ranar 17 ga Yuli na 1887 a asibitin Trenton, wanda ita ce sanadin gina shi.

Bayan rasuwarta asibitocin sun cika maƙil, kulawa ta lalace, aka rufe da yawa a ƙarni na 20, masu cutar da dama suka sake komawa kaso. Wannan ya nuna gini kaɗai ba ya isa sai da ma'aikata masu horo. A 2010 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ƙa'idojin Bangkok guda 70 kan mata 'yan kaso, waɗanda suka ce a duba lafiyar ƙwaƙwalwar mace tun ranar shigarta, a kuma koya wa masu gadi gane wadda ke neman cutar da kanta, su miƙa ta ga likita. Saboda haka wanda aka tsare masa 'yar'uwa marar lafiya yana da hujjar neman likita ya duba ta.