Leo Fender

Clarence Leonidas Fender, wanda aka fi sani da Leo Fender (10 ga Agusta, 1909 – 21 ga Maris, 1991), maƙerin kayan kiɗa ne ɗan ƙasar Amurka. Shi ya kafa kamfanin Fender a garin Fullerton na jihar Kalifoniya, inda ya ƙera jitocin lantarki irin su Telecaster da Stratocaster, da kuma amfilifaya masu aiki da bawul, wato na'urorin da ke ɗaga sautin jita su tura shi cikin lasifika. Har yau makaɗa da masu tara tsofaffin kaya suna auna sautin sauran amfilifaya da waɗanda ya ƙera tsakanin 1946 da 1965, duk da cewa shi kansa bai iya kaɗa jita ba.

Farkon rayuwa

An haife shi a gonar lemo ta iyayensa da ke tsakanin Anaheim da Fullerton. Yana ɗan shekara takwas aka cire masa idon hagu saboda ƙari, aka sa masa na gilashi, abin da ya sa ba a ɗauke shi soja ba a Yaƙin Duniya na Biyu. Ya fara sha'awar lantarki ne bayan ya ga rediyon da kawunsa John West ya harhaɗa da hannunsa. A kwaleji aikin akanta ya karanta, lantarki kuwa shi ya koya wa kansa.

Ya auri Esther Klosky a 1934. Ya yi aikin akanta a sashen kula da hanyoyi na jihar Kalifoniya, aka sallame shi a lokacin karayar tattalin arziki. A 1938 ya ranci dala 600 ya buɗe shagon gyaran rediyo mai suna Fender Radio Service a Fullerton. Makaɗan yankin suka riƙa kawo masa amfilifayarsu idan ta lalace, kuma a teburin gyaran nan ya ga inda kayan wasu kamfanoni ke gazawa.

Ƙera amfilifaya

Ya fara ƙira tare da Doc Kauffman da sunan K&F, amma Kauffman ya janye a 1946, Fender ya ci gaba shi kaɗai da sunansa. A shekarar ya fitar da Princeton da Deluxe da Professional cikin akwatunan katako. Daga 1948 aka fara lulluɓe akwatunan da wani yadi mai ruwan ƙasa-ƙasa irin na jakar tafiya, wanda ake kira tweed, sunan da ya bi duk amfilifayar wannan zamani.

Bawul wata ƙaramar kwalba ce ta gilashi, mai kama da ƙwan fitila, wadda aka zuƙe iskar cikinta. Da ita tsofaffin rediyoyi ke aiki kafin zuwan tiransisto, shi ya sa sai sun ɗauki zafi suke fara magana. Fender bai ƙirƙiro tsarin wayoyin daga tushe ba. Ya ɗauko shi daga littattafan kamfanin RCA da kuma tsare-tsaren Western Electric, sannan ya riƙa gyarawa kaɗan-kaɗan. Gwanintarsa ta mai gyara ce: ya jera kayan ciki a kan allo guda, aka haɗa su da hannu, ta yadda kowane mai gyaran rediyo zai iya buɗewa ya canja abin da ya ƙone. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa da yawansu ke aiki bayan shekara sittin.

Tun da bai iya kiɗan ba, da kunnen makaɗa ya dogara. Yakan ba su sabuwar na'ura su tafi da ita gidan rawa, su dawo su faɗa masa aibinta, wani lokaci ma ya hau dandali da sukuddireba ana tsakiyar wasa. Yawancinsu masu kiɗan kantiri ne, masu son sauti garau mai kaifi. Dick Dale kuwa ƙona masa amfilifaya ya riƙa yi saboda tsananin ƙara, har aka ƙera Showman a 1960 domin irinsa.

Sautin da ake nema

Burin Fender shi ne ƙara mai yawa ba tare da sautin ya dagule ba. Abin mamaki, wannan dagulewar da ya yi ta yaƙi da ita ita ce mutane suka fi biyan kuɗi a kanta daga baya. Idan aka ƙure amfilifaya mai bawul, sautin yakan yi kauri ya ɗan shaƙe a hankali, kuma yana bin hannun makaɗi: ya taɓa tsirkiya da sauƙi ta fito garau, ya buga da ƙarfi ta yi gurnani. Ƙananan irin su Champ mai kimanin wat 5 da tweed Deluxe sun fi saurin kai wa wannan matsayi, shi ya sa ake son su a ɗakin ɗaukar sauti. Neil Young ya shafe shekaru da dama yana amfani da tweed Deluxe.

Wadda ta fi suna ita ce Bassman. A 1952 aka fitar da ita domin jitar bes ta Precision, daga baya aka sa mata lasifika huɗu masu inci goma-goma, sai masu jita zalla suka karɓe ta, ciki har da Buddy Guy. Samfurin 5F6-A na ƙarshen shekarun 1950 shi Jim Marshall da ma'aikatansa suka kwaikwaya a Landan a 1962 suka fitar da JTM45. Sun canja wasu bawul da lasifika zuwa waɗanda ake samu a Ingila, sautin ya sauya, aka sami wani reshe dabam na kiɗan rok.

Daga 1963 aka koma baƙar fuska, aka fitar da Deluxe Reverb mai wat 22 da Twin Reverb mai wat 85. Waɗannan sun fi kusa da sautin da Fender yake so tun farko.

Sayar da kamfani

A watan Janairun 1965, yana fama da ciwon hanci da ya daɗe bai warke ba, ya sayar da kamfanin ga CBS a kan dala miliyan 13. Sabbin masu kamfanin sun fitar da amfilifaya masu tiransisto a 1966, ba su karɓu ba. Sun mayar da fuskar na'urorin ruwan azurfa, kuma daga 1968 suka taɓa tsarin wayoyin wasu daga cikinsu. Daga nan kasuwa ta raba kayan Fender gida biyu, na kafin CBS da na bayanta, farashin na farkon ya yi sama.

Wannan rabon bai cika adalci ba. Ƙananan samfura irin su Champ da Princeton ba su canja sosai ba, kuma amfilifaya biyu na shekara ɗaya kan bambanta saboda tsufan kayan ciki. Masu saye sukan duba takardar jerin bawul da ke manne cikin akwatin, mai ɗauke da hatimin shekara da wata, su duba ko taransfoma da lasifika na asali ne. Mallakarsu na da wahalarta: kafasito kan bushe, kuma suna iya riƙe wuta fiye da bolt 400 ko bayan an kashe na'urar. Waɗanda aka yi wa kasuwar Amurka da wutar bolt 120 suke aiki, don haka a Najeriya da Nijar sai an haɗa su da taransfoma mai rage wuta.

Ƙarshen rayuwa

Bayan wa'adin shekara goma da ya hana shi gogayya da CBS ya cika, ya zama shugaban Music Man a 1975, inda ya ƙera jitar bes ta StingRay. A 1979 ya kafa G&L tare da tsohon abokin aikinsa George Fullerton. A shekarar Esther ta rasu, ya auri Phyllis a 1980. Ya ci gaba da zuwa wurin aiki duk da cutar Parkinson, har ya rasu a Fullerton yana da shekara 81. A 1990 kamfanin Fender ya sake fitar da Bassman ta 1959 saboda yawan masu nemanta, kuma a 1992 aka sa sunansa a zauren girmamawa na Rock and Roll Hall of Fame.