Malam Abdussalami Bagimbane, Mahaifin Wanda Ya Kafa Jega

Duk wanda ya saba cin kasuwar Jega, ko daga Maiyama yake zuwa ko daga Aliero, ya sha jin ana ambaton Gimbanawa. Sunan ya samo asali daga Gimbana, garin Malam Abdussalami, wanda ya rasu a 1818. Musulmi ne, ba ɗan Ikilisiya ba. Amma mu Katolika na wannan yanki maƙwabtan jikokinsa ne, kuma tun 1965 Majalisar Batikan ta Biyu ta umurce mu da girmama Musulmi, ta kuma la'anci wulakanta mutum saboda asalinsa ko launin fatarsa. Rayuwar wannan malami tana nuna abin da kan faru sa'ad da wata ƙabila ta ga an ture ta gefe a wajen rabo.

Abdussalami Ba'are ne, wato Bahaushe daga ƙasar Arewa. Ya yi karatu a wurin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya zauna kusa da shi a Degel, ya zama fitacce cikin almajiran da ba Fulani ba. A zamanin Sarkin Gobir Nafata tsanani ya sa ya ƙaura da jama'arsa zuwa Gimbana, a ƙasar Kabi. Da Yunfa ya hau gadon Gobir ya nemi ya komo, shi kuwa ya ƙi. A ƙarshen 1803 rundunar Gobir ta auka wa Gimbana, ta kashe na kashewa, ta kora sauran a ɗaure. Da aka biyo da su ta kusa da Degel, mutanen Shehu suka kwance su. Wannan ne ya jawo hijira zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804, da yaƙin da ya biyo baya. Ashe jinin da ya fara zuba a wannan al'amari na mutanen Abdussalami ne.

Bayan nasara, a wajen 1812, Shehu ya raba hidimar ƙasa: yamma ga ƙanensa Abdullahi, gabas ga ɗansa Muhammadu Bello. Abdussalami ya sami Sabiyal, wadda yau take cikin ƙaramar hukumar Aliero, da 'yan ƙauyuka, a ƙarƙashin Abdullahi. Ya ga rabon bai kai wahalar da mutanensa suka sha ba. Da ƙorafinsa ya yi yawa aka dawo da shi Kware, kusa da Sakkwato, inda ido zai riƙa kai masa.

Shehu ya rasu a watan Afrilu na 1817, nan fa miki ya fashe. Abdussalami ya yi jinkirin mubaya'a ga Bello. Ya buɗe Kware ga masu gudun zaluncin hakimai, yana sakin waɗanda ya ga an kama ba bisa gaskiya ba. Wasiƙu suka yi ta kai da komo tsakaninsu. A cikin ɗaya ya zana taswirar ƙasar, ya nuna yankin da kowane babba daga dangin Shehu da Fulani ya samu, sa'an nan ya nemi a nuna masa nasa. Bello da kansa ya adana wannan labari a littafinsa Sard al-Kalam, har da maganganun abokin hamayyarsa, abin da ba kowane mai mulki zai yi ba.

Adalci ne a faɗi cewa Bello bai yi gaggawar zare takobi ba. Ya yi haƙuri watanni, ya aika manzanni, ya kawo hujjoji na shari'a a kan wajibcin biyayya. Sai dai a ganinmu hujjar biyayya ba ta amsa tambayar rabo. Mutum yana kukan an mai da shi bare a gidan da ya taya ginawa, ana karanta masa dokar zaman gida. Abdussalami ma ba a wanke shi: ya haɗa kai da masu tawaye da tsofaffin maƙiya, ƙorafi mai tushe ya rikiɗe ya zama hari, talakawan da ya ce yana karewa su ne suka fara ɗanɗana kuɗarsa. A watan Janairu na 1818 aka ci Kware. Ya fita da raunin kibiya, ya isa Bakura a ƙasar Zamfara, a can ya cika.

Mai karanta Littafi Mai Tsarki zai tuna da sura ta 6 ta Ayyukan Manzanni. Masu bi da ke jin Helenanci sun yi gunaguni cewa ana tsallake gwaurayensu a rabon abinci na kullum. Manzanni ba su tuhume su da raba kan jama'a ba. Sun tara kowa, aka zaɓi mutum bakwai, Istifanus na cikinsu, aka danƙa musu rabon. Kuma sunayen bakwai ɗin duka na Helenanci ne. Shugabannin siyasa na Jihar Kebbi, inda Hausawa da Fulani da Zabarmawa da Dakarkari da Kambari ke zaune tare, suna da abin dubawa a nan duk lokacin da ake rabon muƙamai, ko taki, ko filin noma da burtali.

Mutuwar Abdussalami ba ta kashe wutar ba. Ragowar mutanensa sun taru a Kalambaina, kusa da Gwandu, sai da Bello ya kawo wa baffansa Abdullahi gudummawa kafin a ci garin. Ɗansa Buhari kuwa ya yi sulhu da Gwandu, aka yarda masa ya tara Gimbanawa a bakin Gulbin Zamfara a wajen 1820. Garin da ya kafa shi ne Jega, wadda kafin ƙarshen ƙarni na 19 ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin daular, fatake na zuwa mata daga Nufe da ƙasar Yarbawa da Gwanja. Zuriyarsa ce ke riƙe da sarautar Sarkin Kabin Jega.