Agustin: Yaron da Ya Saci Fiya Ya Zuba wa Aladu

Yau a filinmu na tarihin manyan mutane na kawo muku labarin Agustin, wani babban malamin Kirista wanda ya shahara wajen binciken zuciyarsa.

An haifi Agustin a shekara ta 354 a garin Tagaste, wanda yanzu ake kira Suk Ahras a ƙasar Aljeriya. Ke nan ɗan Afirka ne kamarmu. Mahaifiyarsa Monika mai ibada ce ƙwarai. Yana ƙarami bai son karatu, ya fi son wasan ƙwallo. Ya tsani darasin Girkanci, ya kuma sha bulala a makaranta har yakan roƙi Allah kada a doke shi.

Da ya kai shekara 16 sai kuɗin makaranta ya gagari mahaifinsa, ya zauna gida shekara guda ba aikin fari ba na baƙi. A nan ya shiga cikin abokan banza. Wani dare suka je gonar maƙwabci, suka kakkaɓe itacen fiya irin ta ƙasarsu, suka kwashi kaya guda. Kaɗan suka ɗanɗana, sauran suka zuba wa aladu.

Daga baya ya tafi birnin Kartaj, ya yi ilmi mai zurfi, ya zama malamin iya magana. Ya koyar a Rum, sannan a Milan ta ƙasar Italiya. Ya sami suna, amma hankalinsa bai kwanta ba. Ya bar addinin mahaifiyarsa, ya zauna da wata mace ba aure har suka haifi ɗa. Monika ba ta fasa yi masa addu'a da hawaye ba. A Milan ya riƙa sauraron wa'azin Bishop Amburos. A shekara ta 386, yana cikin wani lambu yana kuka, ya buɗe wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa ya karanta, ya tuba. Aka yi masa baftisma lokacin Ista na 387. Ya komo Afirka, daga baya ya zama bishop na garin Hippo, wato Annaba ta yau.

Yana da shekara arba'in da 'yan kai ya rubuta littafinsa na furta zunubai, mai kashi 13, wanda ya tsara kamar yana magana da Allah. A ciki ya tono satar fiyar nan, ko da yake ta yi fiye da shekara 25. Ya tambayi kansa dalilin da ya sa ya yi ta. Ya ga ba yunwa ba ce, don akwai fiya a gidansu wadda ta fi waccan kyau. Sai ya gane laifin kansa ne ya yi masa daɗi, kuma da shi kaɗai ne da bai yi ba. Kunyar abokai ce ta ja shi. Duk da haka bai ɗora musu laifin ba, ya ɗauki nasa.

Bai daina wannan hali ba har tsufa. Ya wuce shekara 70 ya zauna ya sake duba littattafansa 93, yana nuna wuraren da ya yi kuskure yana gyarawa. A ciwonsa na ajali, lokacin da mayaƙan Bandal suka kewaye Hippo, ya sa aka rubuta masa Zabura ta tuba aka manna a bango kusa da gadonsa, yana karantawa yana kuka. Ya rasu ranar 28 ga Agusta, 430, yana da shekara 75.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne maganar abokai. Mu ma a nan Wurno mun san yadda ake jifar mangwaron mutane a hanyar gida, ko a miƙa satar amsa a ƙarƙashin benci don kada a ce mutum matsoraci ne. Ni kaina a zangon da ya wuce na yi wa wani ɗan ajinmu dariya saboda yagaggen takalminsa, don kawai na ga wasu suna yi. Bayan na karanta labarin nan na je na ba shi haƙuri, ko da yake abin ya yi mini nauyi.

Kiristoci suna kiran wannan binciken zuciya, Musulmi kuma suna cewa yi wa kai hisabi. Laifi tudu ne, mutum kan taka nasa ya hango na wani. Ina ba mu shawara, yau kafin mu kwanta kowa ya tuna abu ɗaya marar kyau da ya yi, ya tambayi kansa dalili, ya nemi gafarar Allah, gobe kuma ya gyara.

Sai mako mai zuwa.

Daga ɗan aji biyu na ƙaramar sakandare, Ƙungiyar 'Yan Jarida